Ƙurɗuba ko Ishbiliya: Ina Za Ka Nufa Idan Kwana Ɗaya Gare Ka a Andalus?

Wanda tafiya ta kai shi Sifaniya, ko taro a Madrid, ko fatauci, ko duba ɗa da ke karatu, idan ya samu rarar kwana ɗaya ko biyu yakan ce bari ya gangara kudu ya ga Andalus da idonsa. Garanada da fadarta ta Alhamra magana ce daban: hanyarta ta fi nisa, tikitinta kuma sau da yawa sai an saya tun da sauran makonni. Biranen da ke kan layin jirgin ƙasa guda daga Madrid su ne Ƙurɗuba (Córdoba) da Ishbiliya, wadda 'yan kallon ƙwallo suka fi sani da Sevilla. Kowanne yana da babban coci a tsakiyar tsohon gari, kowane cocin yana zaune a gurbin masallacin Juma'a na da, kuma sarki ɗaya ne ya ci garuruwan biyu, wato Fernando na Uku na Kastila: Ƙurɗuba a 1236, Ishbiliya a 1248. Kai, har dandalin da ke gefen kowane cocin suna ɗaya gare shi, Plaza del Triunfo. Wanda ya karanta wannan a takarda sai ya ɗauka ganin ɗaya ya wadatar. Ba haka ba ne.

A Ƙurɗuba abin kallon yana ciki, ƙarƙashin rufi ɗaya. An bar masallacin a tsaye, aka dasa coci a tsakiyarsa, abin da ke waje kuwa lunguna ne da 'yan filaye marasa faɗi. A Ishbiliya an rushe masallacin, aka bar hasumiyarsa da farfajiyarsa kawai, amma dandalin da ke kewaye da wurin ya tara fada da coci da gidan 'yan kasuwa suna kallon juna. Duk wanda ya taso a tsohon birni irin Kano ko Katsina ya san wannan tsari na fada da masallaci da fili a tsakaninsu, don haka ba zai yi baƙunta ba. Zaɓinka ya rataya ne a kan abin da ya fi damunka: gini guda da babu irinsa, ko wuri guda da za ka tsaya ka karanta tarihin ƙarni goma a bango huɗu.

Ƙurɗuba

Abdurrahman Addakhil, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsira daga takobin Abbasiyawa ya tsallako Andalus, shi ne ya fara ginin masallacin wajen shekarar 785, da sahu 11 a tsakanin layukan ginshiƙai. Ginshiƙan ma ba sababbi ba ne, an kwaso su daga tsofaffin gine-ginen Rumawa da na Gotawan da suka mulki ƙasar kafin zuwan Musulmi. Matsalarsu ita ce gajarta. Maginin sai ya yi dabara: ya ɗora baka a kan ginshiƙai, ya ƙara tsayi a bisansu, ya sake ɗora wata bakar a sama, kowace baka an jera ta da farin dutse da jan bulo, ɗaya bayan ɗaya. Wannan ja-da-farin da ka saba gani a hotuna a ginin farko ba fenti ba ne, kayan ginin ne da kansu. Wasu daga sarakunan da suka biyo baya sun ƙara wa masallacin girma, amma babu wanda ya sauya wannan tsari. Abdurrahman na Biyu ya tura bangon alƙibla gaba a ƙarni na 9. Abdurrahman na Uku, wanda ya ayyana kansa halifa a 929, ya gina hasumiya wajen 951. Ɗansa Alhakam na Biyu ya sake tura bangon daga 961. Da Almansur bin Abi Amir, wazirin halifa, ya tashi yin nasa ƙarin a 987, kogi ya tare gaba, sai ya faɗaɗa ta gabas da sahu 8, jimla ta zama 19. Shi ya sa idan ka tsaya a gaban mihirabi yau za ka ga ba a tsakiyar ginin yake ba. Faɗin wurin gaba ɗaya ya haura murabba'in mita 23,000, kuma ginshiƙan da suka rage a tsaye sun ɗara 850.

Ɓangaren Alhakam shi ne zuciyar wurin. Mihirabin ba ɗan loko ne a bango ba kamar yadda muka saba, ƙaramin ɗaki ne sukutum, rufinsa an sassaƙa shi da siffar ƙwaryar kifin teku. Fuskarsa an lulluɓe ta da ƙananan gutsattsarin gilashi masu ruwan zinariya da shuɗi, an jera ayoyin Alƙur'ani da rubutun Kufi a kewaye. Wanda ya jagoranci wannan aiki Kirista ne, gwani da Sarkin Rum na Ƙusɗanɗiniya ya aiko bisa roƙon halifan, tare da kayan aikin. A gaban mihirabin akwai ƙubbobi uku da haƙarƙarinsu ke sarƙe juna ba tare da sun haɗu a tsakiya ba. An killace wurin da ƙarfe, ba a shiga, sai dai ka tsaya daga baya ka ɗaga kai. Mai lura zai ga alƙiblar ta fi karkata kudu fiye da inda Makka take daga Sifaniya, kuma har yau masana na saɓani a kan dalili.

Ga ɗalibin ilimi na ƙasarmu, nauyin wannan wuri ya wuce ado. Muwaɗɗar Imam Malik da ake karantawa a zaurukanmu ruwayar Yahya bin Yahya Allaisi ce, mutumin Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 848, kuma tasirinsa a fadar sarakunan garin na cikin abin da ya kafa Malikiyya a Andalus. Ibn Abdil Barr a nan aka haife shi. Ibn Hazm ma haka, a 994. Ibn Rushd, jika, an haife shi a nan a 1126, ya yi alƙalancin garin kamar yadda kakansa ya yi. Imam Alƙurɗubi mai tafsiri ɗan garin ne, ya bar shi bayan faɗuwarsa ya tafi Masar, can ya rasu a 1273. Ba za ka ga kujerar ko ɗaya daga cikinsu ba, ba kuwa allon da zai ce maka ga inda wane ya zauna. Amma ginshiƙan nan su ne dai waɗanda aka jingina da su ana karatu. Wani ɗan abin sha'awa ga mai bin fiƙihu: shuka itatuwa a farfajiyar masallaci na cikin 'yan mas'alolin da Andalusawa suka bar ra'ayin Malik suka riƙe na Auza'i, shi ya sa farfajiyar nan take da itatuwa tun zamanin farko. Lemon da ke jere a cikinta yanzu dai shukar zamanin Kiristoci ce.

To, sai cocin. Bayan 1236 an mayar da ginin majami'a, aka yi kusan shekara 300 ana ibada a cikinsa ba tare da an yi masa babbar ɓarna ba, sai dai ɗakunan addu'a da aka yi ta ginawa a jikin bango. A 1523 ne bishop ɗin garin ya ƙudiri gina cikakken coci a tsakiya. Majalisar garin, wadda duk Kiristoci ne, ta ƙi, har ta yi shelar hukuncin kisa ga duk maginin da ya sa hannu a rushewar. Magana ta kai gaban sarki Carlos na Biyar, ya goyi bayan malaman coci. Ana danganta masa cewa da ya zo ya gani daga baya ya yi nadama, ya ce an ɓata abin da babu irinsa a duniya don a gina abin da ake samu ko'ina. Ko ya faɗa ko bai faɗa ba, duk wanda ya ratso cikin duhun ginshiƙan nan ya faɗo kwatsam cikin wani dogon ɗaki mai haske da farin rufi zai fahimci dalilin da ya sa maganar ta ƙi mutuwa. Cocin a karan kansa ba abin rainawa ba ne. Kujerun mawaƙansa, waɗanda aka sassaƙa da katakon mahogani a tsakiyar ƙarni na 18, aiki ne na gwanaye. Sai dai an ajiye shi a inda yake toshe ido. Ƙofofin da a da suke buɗe ta farfajiya suna shigo da haske su ma an toshe yawancinsu, don haka masallacin da kake gani yau ya fi na asali duhu nesa ba kusa ba.

Amma a yi adalci. Manyan masallatan Ɗulaiɗila (Toledo) da Garanada da Balansiya (Valencia) da Ishbiliya duk babu su yau. Na Ƙurɗuba ya tsira ne domin an ci gaba da amfani da shi ana gyara rufinsa, kuma mutanen garin suna alfahari da shi. Wannan abu biyu, ɓarna da tsira, a wuri ɗaya suke, kuma mai ziyara zai fita da su duka a ransa.

Abin da ya kamata Musulmi ya sani tun daga gida: ba a yarda a yi salla a ciki ba. Hukumar coci ce ke riƙe da wurin, masu gadi suna lura, kuma an taɓa samun hatsaniya a 2010 lokacin da wasu baƙi suka tayar da salla. Ƙungiyoyin Musulmin Sifaniya sun nemi izini ba sau ɗaya ba, ba a ba su ba. Batun mallakar ginin ma ana ta ja-in-ja a kansa tun bayan da cocin ya yi masa rajista da sunansa a 2006. Ka shiga da natsuwa, ka yi zikirinka a zuci, ka nemi masallaci a waje idan lokaci ya yi.

Wajen ginin ba ya cin lokaci. Farfajiyar lemo kyauta ake shiga, kuma ita ce ainihin dandalin garin, inda za ka ga tsofaffi zaune a inuwa. Hasumiyar Abdurrahman na Uku tana nan amma an lulluɓe ta da hasumiyar ƙararrawa tun daga 1593, tsayinta mita 54, sai ka hau ciki kake hango ragowar tsohon ginin. Ta kudu akwai ɗan dandalin Triunfo da dogon ginshiƙi mai ɗauke da siffar Mala'ika Rafa'ilu, wanda mutanen garin suka ɗauka majiɓincinsu, aikin ƙarni na 18. Daga nan sai ƙofar gada, sai gadar Rumawa mai baka 16 a kan kogin Guadalquivir. Tsallaka ta da la'asar sakaliya ka juyo, daga can ne ake ganin yadda cocin ya ɓullo ta saman rufin masallacin. Fadar bishop da ke yamma tana kan gurbin fadar halifofi, kuma a da akwai rufaffiyar hanya da halifa ke bi daga gida zuwa sahun gaba ba tare da ya taka titi ba. A bayanta unguwar Yahudawa ce, da ɗan wurin ibadarsu na 1315 da mutum-mutumin Musa bin Maimun, likita kuma malaminsu da aka haifa a garin. Mai sauri zai gama duk wannan a awa biyu. Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Abdurrahman na Uku ya gina kimanin kilomita 8 yamma da gari, wanda aka wargaza a fitinar da ta fara wajen 1010, sai an ware masa rabin yini.

Ishbiliya

Da ka fito daga kowane lungu na tsohon gari, abin da zai fara tare maka ido shi ne Giralda. Hasumiyar masallaci ce. Halifan Muwahhidai, daular da ta taso daga Maroko, Abu Ya'aƙub Yusuf, wanda ya mayar da Ishbiliya hedikwatarsa a Andalus, ya sa aka fara masallacin a 1172 ƙarƙashin magini Ahmad bin Baso. (Wannan halifan ne dai ya nemi Ibn Rushd ya yi sharhin littattafan Arisɗo, kuma Ibn Rushd ya yi alƙalanci a Ishbiliya kafin Ƙurɗuba.) An fara hasumiyar a 1184, aka kammala a 1198 zamanin ɗansa Ya'aƙub Almansur, aka ɗora mata ƙwallaye huɗu masu ruwan zinariya don murnar nasarar yaƙin Alarcos na 1195. 'Yar'uwar hasumiyar Kutubiyya ce ta Marrakish da hasumiyar Hassan ta Rabat, wanda ya je Maroko zai gane dangantakar nan take daga zanen raga da aka yi da bulo a jikinta. Ana ruwaito cewa lokacin miƙa gari a 1248 Musulmi sun nemi su rushe ta da hannunsu, sai Alfonso, ɗan sarki Fernando, ya ce idan aka cire bulo ɗaya zai karkashe mutanen garin. Ƙwallayen sun faɗo a girgizar ƙasa ta 1356. Tsakanin 1558 da 1568 aka ɗora mata ɗakin ƙararrawa, da mutum-mutumin tagulla a ƙololuwa mai juyawa da iska, tsayinta ya kai wajen mita 100.

A ganina wannan haɗin ya fi na Ƙurɗuba dacewa da ido. Ƙarin ya zauna a kan tsohon ginin kamar tare aka yi su. Hawanta ma ba matakala ba ce, gangare ne mai zagayawa hawa fiye da 30, mai faɗin da dabba za ta iya bi, sai 'yan matakala kaɗan a ƙarshe. Dattijo mai ciwon gwiwa zai fi jin daɗinta fiye da hasumiyar Ƙurɗuba, ko da yake ta kusa ninka ta tsayi.

Masallacin kansa an yi amfani da shi a matsayin coci har 1401, lokacin da malaman cocin suka yanke shawarar rushe shi su gina sabo. Ana cewa sun ce bari su gina abin da duk wanda ya gani zai ce mahaukata ne. An gama a 1506, kuma shi ne coci mafi girma a duniya cikin masu salon Gotik. Faɗinsa ya samo asali ne daga harsashin masallacin da ya bi. Ciki akwai allon bagade na katako mai ruwan zinariya da aka fara a 1482 aka shafe kusan shekara 80 ana yi, da kabarin Fernando na Uku mai rubutu da harsuna huɗu: Latin, Sifaniyanci, Larabci da Ibrananci. Ga kuma akwatin gawar Kolumbus, matuƙin jirgin ruwan da ya buɗe wa Sifaniya hanyar Amurka, a kafaɗar mutum-mutumi huɗu. Ƙasusuwan nasa sun fi wasu masu rai yawo: ya mutu a Valladolid a 1506, aka kawo shi Ishbiliya, aka kai shi Santo Domingo, daga can Havana a 1795, sannan aka dawo da shi bayan Sifaniya ta rasa Kyuba a 1898. Ga Kirista mai son ganin abin da Katolika suka iya ginawa a lokacin da dukiya ta zauna musu, babu tantama nan ne wurin zuwa. Ga mai neman sawun masallaci kuwa, abin da ya rage shi ne farfajiyar lemo da kwarmin alwala a tsakiya, da ƙofar Perdón wadda har yau ƙyaurenta na zamanin Muwahhidai ne, lulluɓe da tagulla mai ɗauke da rubutun Larabci. Mutane da yawa suna wuce ta ba su ɗaga kai ba domin ta nan ake fita.

Yanzu ka zagayo waje, domin a nan Ishbiliya ta yi wa Ƙurɗuba fintinkau. Kewaye da cocin akwai dakali mai matakala da gajerun ginshiƙai da aka haɗa da sarƙa. A ƙarni na 16, bayan an kafa hukumar cinikin Amurka a garin a 1503, duk azurfa da zinariyar da ke fitowa daga can bisa doka ta nan take shigowa, kuma a kan wannan dakali 'yan kasuwa ke cin kasuwarsu. A kansa kuma ake sayar da bayi, da yawansu daga gaɓar Afirka ta Yamma, ta hannun 'yan Fotugal. Ƙidayar 1565 ta nuna bayi sama da 6,000 a garin. Baƙaƙen fata suna da ƙungiyarsu ta coci tun ƙarshen ƙarni na 14, wadda har yau take fita a Makon Ista, kuma a 1475 sarakunan Sifaniya sun naɗa wani baƙar fata, Juan de Valladolid, ya zama shugaba kuma mai sasanta rigingimunsu. Ba kasafai masu yi wa baƙi jagora ke tsayawa a kan wannan ba. Ɗan Afirka ya kamata ya tsaya.

'Yan kasuwar nan idan ruwa ya sauko ko rana ta yi zafi sai su kwashi cinikinsu su shige cikin coci. Malaman coci suka kai kuka, sarki Felipe na Biyu ya sa aka gina musu gida nasu daura da cocin, aka fara a 1584. Da cinikin ya koma Cádiz a 1717 gidan ya zama kusan kango, har 1785 da aka mayar da shi ma'ajiyar takardun mulkin mallakar Sifaniya, Archivo de Indias. Yana riƙe da ƙunshin takardu kusan 43,000, shafi wajen miliyan 80, da taswirori kusan 8,000. Shiga kyauta ne. Gaskiya dai mai yawon buɗe ido ba zai ga abin kirki daga takardun ba sai ɗan abin da aka baje, amma akwai sanyi da shiru, kuma minti 30 sun isa. Ɗan ginin da ke gefensa, wanda dandalin ya ci sunansa, an kafa shi ne don godiya bayan girgizar ƙasar Lisbon ta 1 ga Nuwamba 1755, wadda ta katse ibada a cocin aka fito fili aka ƙarasa.

Ta ɗaya gefen dandalin, jan bango mai hoton zaki a kan ƙofa, shi ne mashigar fada, Alcázar. Asalinta ganuwa ce ta ƙarni na 10, Banu Abbad, sarakunan Ishbiliya na ƙarni na 11, suka zauna a wurin, cikinsu har da Almu'utamid, sarki mawaƙi da Yusuf bin Tashfin, sarkin Murabiɗai, ya tuɓe a 1091 ya kai shi Agmat ta Maroko ya mutu a can. Amma mafi kyawun abin da za ka gani a ciki ba Musulmi ne ya sa aka gina ba. Sarki Pedro na Kastila ne, a 1364, da magina Musulmi, wasu daga Ɗulaiɗila, wasu abokinsa Muhammad na Biyar na Garanada ya aiko masa. A fuskar fadar, tsakanin rubutun da ke yabon Pedro da Sifaniyanci, an jera taken sarakunan Garanada da Larabci ana ta maimaitawa: wa la galiba illallah. A wannan lokacin ne Ibn Khaldun ya zo garin a matsayin jakadan Garanada. Kakanninsa 'yan Ishbiliya ne, Pedro ya yi masa tayin mayar masa da dukiyar gidansu idan zai zauna, ya ƙi. Har gobe iyalan sarautar Sifaniya suna sauka a benen fadar idan sun zo garin. Lambunanta kaɗai za su ci maka awa guda, yara kuwa ba za su so fita ba saboda ɗawisu da ke yawo. Hukumar UNESCO ta sa cocin da fadar da ma'ajiyar takardun cikin kayan tarihin duniya tare a 1987. Masallacin Ƙurɗuba ya riga su da shekara uku.

Lokaci, aljihu da jiki

Jirgin ƙasa mai sauri daga Madrid yana isa Ƙurɗuba cikin ƙasa da awa biyu, ya ƙara kamar minti 45 ya kai Ishbiliya. Wannan kusanci shi ke rudar mutane su ce za su haɗa biyun a yini ɗaya. Ba a tauna taura biyu a baki guda. Za ka ƙare da hotuna cike da waya, kai kuwa ba ka ga komai ba.

Ƙurɗuba ta fi sauƙi ta kowace fuska. Mutanenta ba su kai rabin na Ishbiliya ba, masauki ya fi araha, tikiti ɗaya ne babba, kuma an saba buɗe masallacin kyauta na awa guda da sassafe, daga 8:30, ranakun Litinin zuwa Asabar, ga masu shiga ɗaiɗai ba ayari ba. Wannan awar ita ce mafi daraja, ba don kuɗin da ka tsira da su ba, sai don shirun. Da hantsi motocin 'yan yawon buɗe ido ke iso wa daga Ishbiliya da Malaga, wurin ya cika maƙil. A Ishbiliya tikiti biyu ne masu tsada, na coci da na fada, kowanne da layinsa, kuma na fadar yakan ƙare, don haka a saya ta intanet tun kafin a taso. Masu keken doki da ke jere a gindin Giralda farashinsu ba na wasa ba ne. Matan da za su miƙo maka ɗan reshen ganye a bakin coci su ce kyauta ne, kada ka karɓa, kuɗin duba za su nema.

Kada ka ce kai ɗan Sakkwato ne ko ɗan Zinder, zafi ba ya ba ka tsoro. Yuli da Agusta a kwarin nan ana haura digiri 40, Ƙurɗuba ta taɓa wuce 46, kuma kai a ƙafa kake yini a kan dutse. A nan ma Ƙurɗuba ta ɗan fi, tunda abin kallonta a inuwa yake. Maris zuwa Mayu ya fi daɗi, ko Oktoba. Sai dai Makon Ista da bikin Afrilu a Ishbiliya suna ninka kuɗin masauki, kuma a Makon Ista hanyoyin dandalin na rufewa saboda jerin gwano. Kirista mai son halarta, wannan ne lokacinsa, amma ya kama ɗaki tun watanni kafin nan. Ƙurɗuba kuwa a farkon Mayu take bikin tsakar gida, inda mutane ke buɗe gidajensu a shiga a ga furanni.

Abinci sai da tambaya a duka biyun. Naman alade yana shiga inda ba ka zata ba: miyar tumatir mai kauri da ake kira salmorejo, wadda Ƙurɗuba ta shahara da ita, ana barbaɗa mata shi a kai, wasu kayan zaƙin kuma da kitsensa ake yi. Soyayyen kifi da soyayyen gauta mai zuma sun fi kwanciyar hankali. Gidajen abincin halal na 'yan Maroko sun fi yawa a kusa da masallacin Ƙurɗuba, kuma akwai ɗan masallaci a lungunan tsohon gari da ake salla a ciki. A Ishbiliya ma akwai, amma sai ka ɗan taka daga dandalin.

Idan kwana ɗaya ne tak, ni Ƙurɗuba zan ce, musamman ga wanda sunayen malaman nan suka saba da kunnensa. Babban coci irin na Ishbiliya akwai makamantansa a Faransa da Jamus, hasumiyarta tana da 'yan'uwa a Maroko, fadarta kuma Alhamra ta fi ta. Dajin ginshiƙan Ƙurɗuba da mihirabin Alhakam kuwa babu inda za ka je ka ga madadinsu. Amma ka iso da yamma ka kwana, don ka riski buɗewar safe. Idan kana tare da iyali, ko kwananka biyu zuwa uku ne, ko kuwa tarihin teku da kasuwanci da bauta ya fi jan hankalinka a kan tarihin malamai, to ka sauka a Ishbiliya, ka ba coci da hasumiya safiya ɗaya, fada wata safiyar, ka ɗauki jirgin farko zuwa Ƙurɗuba a rana ta uku. Ko wanne ka zaɓa, ka kauce wa Litinin idan da hali, domin Madinatuz Zahra da wurin ibadar Yahudawa da ma'ajiyar takardun Ishbiliya duk a rufe suke ranar, cocin Ishbiliya kuma ranar Lahadi sai bayan azahar ake buɗe wa masu ziyara.